Mercedes-Benz SL ta 1971 zuwa 1989: Sharhi ga Mai Niyyar Riƙe Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi

Duk wanda sha'awar tsofaffin motocin alfarma masu buɗaɗɗen rufi ta kama, ko ba daɗe ko ba jima zai tsaya a gaban Mercedes-Benz SL wadda kamfanin ya yi wa lamba R107. An fara ƙera ta a Jamus a shekarar 1971, inda ta gaji wadda ake yi wa laƙabi da Pagoda, kuma ba a daina ba sai a 1989, bayan an fitar da sama da guda 237,000, mafi yawansu zuwa Amurka. Wannan yawa shi ne babban abin da ya sa nake ganin ta fi dacewa da sabon shiga wannan sha'awa, domin motar da aka yi shekara goma sha takwas ana ƙerawa ba ta rasa kayan gyara, ba ta kuma rasa makanikan da suka san cikinta.

Wanda ya zo neman motar tsere zai koma da takaici, kuma gara ya san haka tun kafin ya kashe kuɗinsa. Mota ce mai nauyi, sitiyarinta babba ne, giyarta mai canza kanta ba ta gaggawa, kuma a kwana tana ɗan karkata. Amma a doguwar hanya, rufi a naɗe, injin V8 mai silinda takwas yana aiki a ƙasa-ƙasa, akwai natsuwar da motoci ƙalilan na zamaninta suke da ita. Nauyin ma da dalilinsa: an ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba domin su kare mutum idan motar ta kife, aka kuma ɗauke tankin mai daga can baya aka ɗora shi a saman gatarin tayoyin baya, inda karo ba ya saurin isa. Har fitilun baya an yi musu tsaga-tsaga domin ƙura da laka kada su rufe haskensu gaba ɗaya.

Rufinta iri biyu ne. Akwai na ƙarfe da ake cirewa ɗungurungum, wanda sai mutum biyu suke iya ɗagawa, akwai kuma na yadi da ake naɗewa da hannu ya shige ƙarƙashin murfin ƙarfe a bayan kujeru, ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Rashin injin da ke ɗaga rufin a wurina alheri ne, saboda babu famfo, babu tiyon mai da zai fashe bayan shekara arba'in. Sai dai naɗewar tana buƙatar hankali. Tagar baya ta roba ce mai haske, kuma idan ana sauke rufin ya kamata a sa tafin hannu a tsakiyarta a taimaka mata ta lanƙwashe a hankali, musamman da sanyi, lokacin da robar take sandarewa ta tsage. Ba a naɗe yadin yana jiƙe. Kuma masu barin rufin ƙarfe a kai shekara da shekaru sukan tarar na yadin ya ƙanƙance a ma'ajiyarsa, har ƙugiyoyin gaba su ƙi kamawa.

Inda wannan mota take cin amanar mai saye shi ne tsatsa, kuma a nan ne ya kamata a ɓata mafi yawan lokacin dubawa. Inji ana sauke shi a gyara da kuɗin da aka iya lissafawa tun farko, amma bodin da tsatsa ta ci babu wanda ya san ƙarshen aikinsa sai an fara yanka. Wuri mafi haɗari shi ne bangon ƙarfen da ya raba ɗakin inji da ɗakin fasinja. A gindin gilashin gaba, ƙarƙashin bonet, akwai wani murfi da ke rufe fankar iska. Ganye da ƙura suna taruwa a wurin su toshe magudanar ruwa, ruwan ya kwanta, ƙarfen ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fenti yana ta ƙyalli a waje. A kwance murfin nan a haska da tocila, a kuma ɗaga kafet ɗin ƙasan ƙafar direba da na fasinja a taɓa da hannu. Idan an ji danshi, ko an ga jan busasshen ruwa ya bi jikin ƙarfe, to gyaran yana nufin cire dashbod gaba ɗaya kafin mai walda ya kai ga wurin. Bayan nan sai a duba ƙasan ƙofofi, da ramukan da ake sa jak, da ƙasan but, da ma'ajiyar rufin yadi. Ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle yana tona asirin inda aka cike rami da fila aka fesa fenti a kai. Mai sayarwar da ya hana a buɗe murfin fankar ya riga ya ba da amsa.

Injinan kuwa sun cancanci sunan da suka yi na ƙarko, da sharaɗi guda. Sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin a injinan V8 tana bi ta kan wasu madogarai na roba mai tauri, waɗanda zafi da shekaru suke mayarwa kamar busasshen ƙashi. Idan ɗaya ya karye sarƙar ta yi tsalle, bawul zai haɗu da fistin, kuma daga nan sai babban gyara. Alamar farko ita ce ƙarar kacau-kacau ta ɗan lokaci idan an tayar da inji da safe. Samfurin 380SL da aka kai Amurka tsakanin 1981 da 1983 ya zo da sarƙa mai layi ɗaya, wadda ba ta kai mai layi biyu juriya ba, don haka wajibi ne a tabbatar ko an sauya ta. Idan babu takardar da ta nuna an taɓa yin wannan aiki, a ɗauka ba a yi ba, a sa shi a farkon lissafi.

Tsarin feshin mai na kamfanin Bosch ya canza sau biyu: D-Jetronic a farkon motoci, K-Jetronic daga tsakiyar shekarun 1970, sai KE-Jetronic daga 1985. Dukansu suna aiki lafiya muddin motar tana tafiya, kuma dukansu ajiya ce take kashe su, domin fetur da ya kwana watanni yana daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyi. Shi ya sa ba na zumuɗin motar da ake taƙama da ƙarancin tafiyarta. Wadda ake fita da ita a kai a kai, ana sauya mata baƙin mai da man birki a kan lokaci, ta fi wadda aka lulluɓe a gareji lafiya nesa ba kusa ba. Na'urar sanyi da ɗumi mai sarrafa kanta ta ƙarshen shekarun 1970 tana da wuyar sha'ani, makullan ƙofa masu aiki da zuƙar iska su ma sukan yi sanyi idan siraran bututunsu sun tsufa, amma waɗannan ƙananan ciwon kai ne da mai haƙuri zai iya bi ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.

Ta fuskar kayan gyara, kamfanin yana da cibiyar kula da tsofaffin motocinsa a Fellbach kusa da Stuttgart, kuma akwai masu ƙera kaya masu zaman kansu a Turai da Amurka. Kayan inji da birki ba su da wuyar samu. Kayan ado na ƙarfe mai ƙyalli da katakon dashbod su ne masu tsada, don haka motar da ta cika da kayanta na asali ta fi wadda aka ce saura kaɗan a kammala. A robobin ƙofa da na rufi ina ba da shawarar a sayi na asali ko da sun fi kuɗi, saboda na arha ba sa zama daidai, kuma ruwan da suka bari ya shiga shi ne ke komawa tsatsa.

Da za a ba ni zaɓi, zan ɗauki ƙirar 1985 zuwa 1989, lokacin da aka inganta kariyar tsatsa da birki. A cikinsu 500SL ta Turai ce ta fi kuzari, 560SL ta fi yawa a Amurka amma tana ɗauke da dogayen bambobin da aka fara sa wa motocin da ake kaiwa can a 1974 saboda dokar ƙasar ta lokacin, waɗanda a idona suna rage mata kyau. Wadda na fi ƙauna ita ce 300SL mai silinda shida: gabanta bai kai na sauran nauyi ba, ba ta shan mai kamarsu, kuma idan an ɗaga bonet akwai sararin da hannu zai shiga ya kai ga fulogi da tiyo ba tare da an kwance rabin injin ba.