Rumbunan bincike a ɗakin karatun jami'armu: na ci moriya, amma tafiyar watan Maris ta ƙona mini rai

Ni kontabil ne a Garwa, ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi, masu albasa da gero da kayan masarufi. Bana nake rubuta kundin kammala mastas a wata jami'a a nan Arewacin Kamaru, a kan dalilin da ya sa yawancinsu ba sa buɗe littafin lissafi sai ranar da ma'aikacin haraji ya tsaya a ƙofar shago. Wata biyar na yi ina zirga-zirga ɗakin karatun jami'ar, to bari in faɗi abin da na gani.

Da farko ban ma san akwai rumbunan bincike na intanet a wurin ba. Kantar littattafai nake nufa. Na ɗauko wani ƙaton littafin lissafin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka ciki har da Kamaru, na shafe sati uku ina rubuta babi a kan TAFIRE, jadawalin da ke nuna inda kuɗin kamfani suka fito da inda suka shiga. Malamina ya karanta shafi biyu, ya ja jan biro daga sama har ƙasa. "Malam, wannan ai an binne shi tuntuni," in ji shi. Ashe an sabunta dokar lissafin a Barazabil ranar 26 ga Janairun 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, jadawalin shige da ficen kuɗi ya maye gurbin TAFIRE. Mu masu ƙananan shaguna ba ma cika wannan jadawalin, shi ya sa abin ya wuce ni. Littafin kuwa yana nan a kanta har yau, ba wanda ya liƙa masa ko 'yar takarda cewa zamaninsa ya wuce.

Ranar da na mayar da shi ne wata dattijuwa ma'aikaciyar wurin ta ga fuskata. "Ɗana, lafiya?" Na ba ta labari. Ta ce, "Biyo ni." Ta kai ni wani ƙaramin ɗaki a ƙurya mai kwamfutoci, ta buɗe mini Cairn da JSTOR, rumbunan da ke tara maƙalolin mujallun ilimi, ta nuna mini yadda ake tace sakamako da shekara don kada tsohon abu ya sake kama ni. Wallahi sai da na gyara zama. Akwai wata maƙala a mujallar Comptabilité Contrôle Audit da na daɗe ina ganin kanta a waya, duk na taɓa sai a ce in biya da katin banki, kuma da yuro, alhali kowane yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Nan sai ga ta ta buɗe gaba ɗaya, ba ko sisi. Kafin La'asar na sauke maƙaloli goma sha tara a filas. Na ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a." Da a ranar na rubuta wannan sharhin, yabo ne zalla za ku karanta.

Amfanin ma na gaske ne. A cikin abin da na sauke na fahimci tsarin lissafi mai sauƙi da dokar ta ware wa ƙananan sana'o'i: mai saye da sayarwa da cinikinsa na shekara bai kai sefa miliyan 60 ba, mai sana'ar hannu miliyan 40, mai yi wa mutane hidima miliyan 30. Kusan duk mutanena a nan suke, kuma kan wannan na sake gina kundin. Sai dai a sani, galibin rubutun haraji da ke cikin rumbunan na Faransa ne. Ba laifinsu ba ne, can aka fi rubutawa. Amma mai gaggawa zai kwafo harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan farashin kaya, na kashi 20 cikin ɗari, alhali namu 19.25 ne.

To ga abin da ya ɓata mini. Rumbunan ba sa buɗewa sai a kan intanet ɗin ɗakin karatun. Daga gida ba hali, daga shago ba hali. Ni kuwa tsakanina da jami'ar tafiya ce mai cin rabin yini. Na haƙura da wannan, ina tara abin da nake nema in je sau ɗaya. A watan Maris, lokacin da kowane kontabil kansa ke hayaƙi saboda takardun DSF, bayanin lissafin ƙarshen shekara da ake miƙa wa hukumar haraji, malamina ya ce saura maƙaloli huɗu in ƙara kafin ya sa hannu. Na roƙi wani Alhaji da nake yi wa aiki ya ɗaga mini ƙafa kwana biyu, na shiga motar asuba cikin wannan zafin, na iso a galabaice. Na zauna, na buga sunan maƙala ta farko. Aka ce in biya. Na canja kwamfuta, haka. Na canja ta uku, haka.

Hajiya tana hutu. Saurayin da ke kan tebur ya ce wataƙila intanet ne, in jira. Na jira har Azahar. Na dawo daga masallaci ya ce in ga wani a ofishin sama. Na hau, a kulle. Sai wajen ƙarfe uku mutumin ya zo, ya ce mini cikin sanyin murya ai rajistar jami'ar da rumbunan ta ƙare tun Disamba, takardar sabuntawa tana jiran sa hannu. Tun Disamba! Wata uku ke nan, ba sanarwa a ƙofa, ba a allo, ba a zauren WhatsApp na ɗalibai da kullum ake turo mana jadawalin jarrabawa. Layi ɗaya da ya ishe ni in zauna gida. Kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin kwana, ga wayar Alhaji tana ta shigowa ina jin kunyar ɗauka. Ba rashin biyan ne ya fi ci mini rai ba, na san halin kuɗi. Shirun ne. Kuma shi ne dai shirun da ya bar wancan tsohon littafi a kanta ya cinye mini sati uku.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne na kyauta. Dokokin OHADA da hukunce-hukuncen kotunta da ke Abijan suna ohada.com, akwai kuma Juricaf mai hukunce-hukuncen manyan kotunan ƙasashe masu Faransanci. Kundin haraji na shekara kuwa a shafin hukumar haraji nake ɗauka, tunda dokar kasafi tana taɓa shi kowace shekara. Ɗaya daga cikin maƙalolin huɗu na same ta a HAL, wani rumbun maƙaloli na kyauta, inda marubucin ya ajiye da kansa.

Sauran ukun har yanzu ina nema. Hajiya ta dawo, ta ba ni lambarta, ta ce kada in sake shiga mota sai ta gwada da hannunta ta kira ni. Jiya na tuntuɓe ta, ta ce, "Ɗana, tukuna dai."