Siemens S7-1200 da na saka a gidan fiya wata, da maganar adireshinta

Wata takwas kenan da na haɗa fanel ɗin wani gidan fiya wata da S7-1200, wato PLC ɗin Siemens, ƴar kwamfutar da ke sarrafa injina, samfurin CPU 1214C, kuma wallahi har yau ban yi da-na-sani ba duk da kuɗinta ya fi na PLC ɗin kamfanin Delta nesa ba kusa ba. Tana da ƙofar shiga 14, ƙofar fita 10, sai analog, wato ƙofofin karatun sensa, guda 2 masu karɓar 0 zuwa 10V, ni kuwa famfo biyu ne da fulot suwic uku da sensar tanki ɗaya, sun ishe ni har da saura.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda adireshinta yake a tsare. I shiga ce, Q fita ce, lambar farko bayit, wato rukunin ƙofofi, ta bayan ɗigo bit, wato ƙofa ɗaya a cikin rukunin. Wayar fulot ɗin ƙasa na ɗaure ta a sukurin shiga na farko, ita ce I0.0, kwantaktan famfo kuma Q0.0, da fulot ya taɓa sai ka ga ƴar koriyar fitilar ta kama a daidai wajen, ba sai ka ciro mita ba. To amma bit takwas ne kacal a bayit, daga I0.7 sai I1.0, babu wani I0.8, yaron da nake koya wa aiki ya sha neman sa a TIA Portal, manhajar da ake rubuta mata shiri da ita, kafin na zaunar da shi muka ƙirga sukurorin ɗaya bayan ɗaya. A jikinta DI a da DI b aka rubuta, a ɗin shi ne bayit 0, b ɗin bayit 1 wanda ya tsaya a I1.5. Wanda ya saba da PLC ɗin Mitsubishi FX ba zai sha wuya ba, can ma daga X7 sai X10.

Sensar tankin tana kan IW64, adireshin analog na farko, kuma ba bolt za ka gani ba, lamba ce daga 0 zuwa 27648, sai ka bi da umarnin lissafi na NORM_X da SCALE_X ka mayar da ita lita. Wani abu kuma, CPU ba ta duba sukurin duk lokacin da ka ambaci I0.0, tana kwafe yanayin ƙofofin ne gaba ɗaya sau ɗaya a kowane zagaye ta yi aiki da wannan kwafin, in kana son karatun nan take sai ka ƙara :P a ƙarshe, kamar IW64:P.

Don Allah masu sabon hannu ku kula da MW, wato wajen ajiye lamba a cikin CPU mai cin bayit biyu, MB kuwa bayit ɗaya ne. MW10 ta cinye MB10 da MB11, in ka ajiye wani abu a MW11 sun hau kan juna kenan, lambobi su riƙa tsalle ka zata sensa ce ta lalace. Ni bibbiyu nake tsallakawa, MW10, MW12, MW14, kuma kowane adireshi sai na sa masa suna a tebur ɗin tag tun kafin na ja layin shirin lada (ladder) ko ɗaya.