Madvillainy ko Mm..Food, da wanne za ka fara?

Duk biyun albam ɗin waƙoƙin rap ne, a 2004 suka fito a Amurka, duk muryar mawaƙi MF DOOM ce, amma gaskiya ba ɗaya ba ne.

Madvillainy shi da mai haɗa kiɗa Madlib suka yi a ƙarƙashin kamfanin Stones Throw, waƙoƙi 22 gajeru gajeru, yawanci ko amshi babu, kana fara jin daɗin kiɗan sai ya yanke ya shiga wani, kuma wasu kiɗan a ɗakin otal a Brazil Madlib ya haɗa su da tsofaffin fayafayai da ƴar ƙaramar na'ura. Masu sharhi sun yaba sosai, mujallar kiɗa ta Pitchfork ta ba shi maki 9.4 cikin 10, amma a jerin albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, wato Billboard 200, lamba ta 179 ya tsaya da farko. Ni sai da na saka iyafis cikin dare na maimaita shi kafin ya shige ni, yanzu kam wallahi ban iya rabuwa da shi.

Mm..Food kuwa kamfanin Rhymesayers ne ya fitar, kusan duk kiɗan DOOM ne ya yi da kansa, sunayen waƙoƙin yawanci na abinci ne. An yaba masa amma bai kai wancan ba, surutan finafinan katun da aka saka a tsakiyarsa sun yi tsawo. Ya fi sauƙin shiga kunne dai, sabon shiga da shi zan ce ya fara.