John Deere 494A ko 7000: wanne ya fi dacewa da gonarka?

Malam, ka ce an nuna maka tsofaffin injinan shuka biyu 'yan kwatano, na jan tarakta, John Deere 494A da 7000, kowanne mai layi huɗu, kuma masara da waken suya kake son shukawa. Kuma ka tambaye ni wanne za ka ɗauka. Ni 7000 zan ɗauka, amma akwai halin da zan sauya magana.

Babban bambancinsu yana gindin mazubin iri. Shi 494A, wanda ya yi tashe a gonakin masarar Amurka a shekarun 1960, faranti ne ke ƙirga masa iri. Farantin yana kwance a ƙasan mazubi, da ramuka a bakinsa. Yana juyawa, kowane rami ya ɗauki ƙwaya guda, in ya zo kan kafa wani ɗan ƙarfe ya dungure ta ta faɗa. Ba wuyar ganewa, ba wuyar gyara. Sai dai a can kamfanonin iri tace masara suke yi bisa girma da siffa, mai faɗi daban, mai ƙwallo daban, har su rubuta lambar farantin da ya dace a jikin buhu. Irin da ka sussuka daga rumbu kuwa gauraye yake. Ƙananan ƙwayoyi za su shige rami biyu-biyu, babba ta maƙale ko ta fashe, kai kuma ba za ka sani ba sai tsiro ya fito ka ga giɓi nan, cunkoso can.

Shi 7000, da ya fito a 1974, yawancinsa yatsu gare shi: ƙananan yatsun ƙarfe 12 masu sifirin, suna zagayawa suna cafkar ƙwaya, wadda ta ɗauki biyu a girgiɗe mata ɗaya, sannan wani ɗan bel ya kai ƙwayar bututu. Bai damu sosai da girman masara ba, nan ya yi wa faranti nisa. Amma yatsun ba na waken suya ba ne. Don wake ana ciro su a sa wasu kofuna, su kuma ba ƙirga ƙwaya suke yi ba, tsiyayo ta suke yi bisa awo. Saboda haka tambayi mai sayarwa ko kofunan suna nan. Ka kuma leƙa cikin mazubin da idonka, don akwai 7000 da aka ƙera da faranti.

Wurin da na fi ba 7000 maki shi ne zurfin shuka. 494A yawanci wani ƙarfe mai kama da takalmi ne ke tsaga masa ƙasa, tayar danna ƙasa kuma, wadda ke tsaida zurfi, tana can baya. In akwai kara ko ciyawa sai ya riƙa tara ta a gaba yana ja, in ƙasa ta yi tudu da kwari zurfin ya riƙa sauyawa. A 7000 faifai biyu ne ke yanka ƙasa, tayoyin da ke tsaida zurfi suna manne da su ta gefe, daidai inda ƙwaya ke sauka, wasu tayoyi biyu karkatattu su rufe ramin. Shi ya sa tsironsa ke fitowa kai ɗaya.

Kafin ciniki, tafi da tef. Tsofaffin injina da yawa an saita su a kan inci 38 ko 40 tsakanin layi, wato kusan mita guda. Mu kuwa santimita 75 aka saba ba manoman masara shawara, da 25 tsakanin tushe, abin da ke ba da tushe kusan 53,000 a hekta. Wanda ya yi daidai da wannan shi ne mai inci 30, santimita 76. Shi ma 7000 akwai mai faɗin layi, akwai matsattse, kada sunan ya ruɗe ka. Kuma duka biyun don shimfiɗaɗɗiyar gona aka yi su, wadda haro ya bi. In kunya kake tayarwa, sai an sake lissafi.

Ka duba mazubin taki da kyau, nan tsatsa ke fara ci. A 7000 ka girgiza kowane layi ka ji ko ya yi lakwa-lakwa, ka duba ko faifan sun cinye har sun daina haɗuwa a gaba.

Halin da zan ɗauki 494A shi ne in kana shuka iri-iri, yau dawa, gobe wake, kuma an haɗo maka da tarin farantai. Sauya faranti aikin 'yan mintuna ne, sauran jikinsa kuma sarƙa ce da ƙarfe, mai walda na unguwa zai iya da shi. Amma ka ja wa direba kunne kada ya yi gudu, don in faranti ya yi saurin juyawa ramuka wucewa suke yi babu ƙwaya. Ka sayi rariya ka tace irin, sannan kafin shiga gona ka ja injin a kan busasshen fili ka ƙirga abin da ya zubar a mita goma.