Kayan Gwajin Ruwan Kifin Ado na Ɗigo: Sinadarin Yana Aiki, Katin Launi ke Wahalar da Ido

Sama da shekara guda ke nan ina amfani da ƙunshin gwajin ruwa irin na ɗigo, wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, domin lura da tankin gilashi mai ɗaukar lita 120 da nake kiwon kifin ado a cikinsa. A cikin kwalin akwai ƙananan kwalabe bakwai na sinadarai, da bututun gilashi huɗu masu layi a daidai mililita 5, da kati mai ɗauke da jerin launuka. Da su ake auna tsamin ruwa, wato pH, da amoniya, da naitirayit, da naitiret. Mutum zai ɗebi ruwan tanki, ya ɗiga sinadari gwargwadon adadin da aka rubuta, ya jira, sannan ya gwama launin da ya fito da wanda yake kan kati. A wannan mataki na ƙarshe ne duk wahalar take.

Ba ni da ƙorafi a kan sinadaran kansu, domin tsohon ilimi ne da aka daɗe da tabbatar da shi. Gwajin amoniya ya samo asali ne daga hanyar da Bafaranshen masani Marcellin Berthelot ya bayyana a 1859, na naitirayit kuma daga aikin Bajamushe Peter Griess na 1879. Lokacin da na haɗa sabon tanki, da wannan ƙunshi na ga yadda amoniyar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo bayanta, daga bisani ƙwayoyin bakteriyan da suka zauna a matatar ruwa suka mayar da shi naitiret. Ba don gwajin ba, da ba yadda zan yi in san abin da ke faruwa, tunda ruwan da zai kashe kifi yana iya zama garau kamar na randa.

Matsalar ita ce launukan sun fi kama da juna a daidai wuraren da mai kiwo yake buƙatar yanke shawara. Gwajin amoniya yana farawa daga ruwan ɗorawa a sifili, ya tafi zuwa kore mai duhu a miligiram 8 cikin lita. Idan ruwa ya yi kore sosai, ko yaro zai gane akwai haɗari. Amma tsakanin sifili da 0.25, bambancin bai wuce ɗan alamar kore da ta ratsa ruwan ɗorawa ba, kuma na sha tsayawa da bututu a hannu ina juya shi ba tare da na iya cewa ga inda ya faɗa ba. Wannan ɗan bambanci kuwa ba abin rainawa ba ne a ƙasa mai zafi. Gwajin yana auna amoniya gaba ɗayanta ne, alhali ɓangaren da ke cutar da kifi yana ƙaruwa idan zafi da pH suka hau: a ma'aunin zafi digiri 25 na Celsius, bai kai kashi 1 cikin 100 ba idan pH yana 7, amma yana haura kashi 5 idan pH ya kai 8. A watan Afrilu, lokacin da ruwan tanki yake ɗumi ko da dare, abin da ido ya kasa gani yana iya zama abin da ya sa kifi yake hawa sama yana haki.

Gwajin naitiret ya fi kowanne ba ni wahala. Jerinsa yana tafiya daga sifili zuwa 5, 10, 20, 40, 80, har 160, launin kuma yana tashi daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan goro, ya ƙare a ja kamar zoɓo. A idona 10 da 20 kusan abu ɗaya ne, haka ma 40 da 80, ga shi kuwa kowane mataki ninki biyu ne na wanda ya gabace shi. Wanda ya karanta 40 zai iya jinkirta sauya ruwa zuwa ƙarshen mako, alhali da ya san 80 ne da bai kwana ba sai ya sauya. Haka kuma kwalba ta biyu ta wannan gwaji tana da gari da ke kwantawa a ƙasa, shi ya sa umarnin ya ce a girgiza ta na daƙiƙa 30, a kuma girgiza bututun na minti ɗaya, sannan a jira minti biyar. Duk wanda ya yi sakaci da girgizar nan zai sami sakamako ƙasa da gaskiya, hankalinsa ya kwanta a kan ƙarya. Idan kuma ya bar bututun ya wuce lokacinsa, launin yana ƙara duhu.

Na naitirayit ya fi sauƙi, domin sauyawa daga shuɗi mai haske zuwa shunayya a fili take, ko da yake matakan sama suna haɗewa. Na pH kashi biyu ne, ɗaya daga 6.0 zuwa 7.6, ɗayan daga 7.4 zuwa 8.8, kuma wanda ruwansa ya faɗa inda suka haɗu dole ya yi duka biyun kafin ya amince.

Wani ɓangare na laifin ba na kowane kamfani ba ne, yanayin abin ne ya kawo shi. Haske ratsa ruwan bututu yake yi, alhali a kan kati dawowa yake yi daga tawada da aka buga a takarda, saboda haka da wuya su zo daidai. Idan aka manna bututun a jikin farin gefen katin launin yakan yi duhu, idan aka ɗan janye shi sai ya yi haske. Ƙwan lantarki mai farin haske yana ja zuwa shuɗi, fitilar caji da muke kunnawa idan an ɗauke wuta ta fi shi ɓata launi, hazon hunturu ma yana rina hasken rana. Na gwada ɗaukar hoto da waya, sai na tarar kyamarar tana gyara launi da kanta, bututu ɗaya ya ba ni hotuna uku mabambanta. Akwai kuma mutanen da aka haifa da raunin bambance ja da kore, abin da ya fi yawa a maza, kuma jerin amoniya da na naitiret duka a kan waɗannan launuka suke. Ina ganin ya kamata masu ƙera irin waɗannan kaya su yi tunanin waɗannan bayin Allah.

Dabaru uku ne suka rage mini ruɗani. Ina yin gwaji da hantsi a inuwar baranda, a wuri ɗaya kullum. Domin amoniya, ina ɗiga sinadarin a bututu na biyu mai ɗauke da tsarkakakken ruwan da aka tara daga tururi, in jera su biyun, saboda ido ya fi iya gwama ruwa da ruwa fiye da ruwa da takarda. Domin naitiret kuwa, idan launi ya shiga ja, sai in surka ruwan tanki rabi da rabi da wannan tsarkakakken ruwa, in sake gwaji, in ninka abin da na samu, ta yadda karatun zai sauko inda launuka suka fi rarrabuwa. Yana da kyau kuma a gwada ruwan rijiya ko na burtsatse kafin a zuba shi a tanki, domin wani yakan zo da naitiret ɗinsa tun daga ƙasa.

Akwai ƙananan na'urori masu batir, irin waɗanda kamfanin Hanna yake ƙerawa, da ke karanta launin da kansu su nuna lamba a allo, sai dai kowace na'ura abu ɗaya take aunawa, kuma kuɗinta da na sinadarinta sun fi ƙarfin mai tanki ɗaya a falo. Takardun gwaji da ake tsomawa cikin ruwa sun fi arha da sauri, amma launinsu ya fi wannan wuyar karantawa. Saboda haka zan sake sayen ƙunshin ɗigo idan wannan ya ƙare, kuma ina ba masu kifin ado da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa shawarar su mallake shi. A littafin da nake rubuta sakamako dai na daina sa lamba ɗaya a gaban naitiret, ina rubuta “tsakanin 20 da 40”, kuma duk ranar da amoniya ta sa ni kokwanto sai in sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in sake gwadawa washegari da hantsi.