Dillalin da ya sama mana haya a Alanya: tauraro biyu, ɗaya ma na yarinyar ofishinsa ne

Duk mai shirin kama hayar shekara a Alanya, garin bakin teku a ƙasar Turkiyya, kafin ya tambayi kuɗin gida ya fara tambayar ko unguwar a buɗe take ga baƙi. Dillalin da na yi hulɗa da shi ya san amsar sarai, ya kama bakinsa har sai da la'adarsa ta shiga aljihu.

Mun baro Istanbul ne a farkon watan Mayun 2023 saboda sanyin can ya hana uwargida sakat, ƙirjinta ba ya ɗauka. Harkar kayana ta kasuwar Laleli da ke Istanbul kuwa yawancinta ta waya ce, ko ina na zauna za ta tafi. Wannan dillali a shafin Sahibinden na gan shi, kuma maganar gaskiya ya iya karɓar baƙo. Ya ɗauko mu daga filin jirgin Gazipaşa da motarsa, ya ba mu shayi, kowace magana sai ya ce "ɗan'uwana". Gidan da ya kai mu a unguwar Mahmutlar yake, hawa na shida, da kayan ɗaki, baranda na kallon Bahar Rum, bayan gida kuma duwatsu da gonakin ayaba. Uwargida ta leƙa kicin ta fito ta ce, "Alhaji, nan ya yi." Ban ƙi ba. Na biya haya, na biya kuɗin ajiya da yuro kamar yadda mai gidan ya nema, na biya la'adar wata guda. Muka je wurin noter, wato mai tabbatar da takardu a hukumance, da tafinta aka buga hatimi, shi ma wani kuɗin ne.

Sai da na je ofishin rajistar adireshi sannan ido ya raina fata. Ma'aikaciyar ta duba takardar, ta turo mini ita ta ƙasan gilashi, ta ce Mahmutlar a rufe take. Tun 1 ga Yulin 2022 gwamnatin Turkiyya ta hana yi wa sababbin baƙi rajista a unguwanni 1,169 da yawan baƙinsu ya haura kashi 20 cikin ɗari, kuma a Alanya abin ya shafi Mahmutlar da Kestel da Kargıcak da Avsallar. Rufe unguwa ba sabon abu ba ne a wurina, Fatih da Esenyurt na Istanbul an daɗe da rufe su, shi ya sa ma tun a mota na tambaye shi ko akwai matsalar ikamet, wato izinin zama. Cewa ya yi babu komai, shi zai ji da komai. Mutumin da ofishinsa ke cikin Mahmutlar, wanda kullum da Rashawa da 'yan Yukiren yake ciniki, a ce bai san dokar da ta kusa shekara ba? Ga shi doka ta ba mai izinin zama kwana 20 na aiki ya sanar da sabon adireshi, ni kuma na riga na saki gidan Istanbul. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Da na koma masa sai ya fara kame-kame, wai ya ɗauka tunda ina da katin izinin zama a hannu abin bai shafe ni ba. Daga nan ya kawo shawarar da ta fi ɓata mini rai: in ci gaba da zama a gidan, shi zai samo wani a unguwar Oba ya rubuta ni a adireshinsa, in ɗan ba da wani abu. Wato in sa iyalina cikin ƙarya a ƙasar mutane, inda 'yan sanda kan zo har ƙofa su tabbatar mutum yana zaune a inda ya rubuta. Na ce masa Allah ya kiyaye.

A nan zan yi adalci. Akwai wata yarinya a ofishin, ita ke riƙe da takardu, ita ce ta ɗauki abin kamar nata. Ta yi ta buga waya har ta samo mana gida a Oba, ta duba da kanta ta tabbatar babu sunan tsofaffin 'yan haya da ya maƙale a adireshin, ta karɓo kwafin takardar mallaka da ta inshorar girgizar ƙasa daga mai gidan don a buɗe mana wuta da ruwa da sunana. Ba a ƙara karɓar la'ada ba. Gidan bai kai na farko kyau ba, teku sai an taka, amma asibitin gwamnati na kusa, kasuwar Litinin a bayanmu take, masallaci kuma ana jin kiran salla daga falo. A makon nan har na huce, na ce wa wani abokina na Kwari da ke tunanin kawo iyalinsa hutu mai tsawo ai mutanen ba su da laifi sosai, ajizanci ne.

To, ashe da sauran rina a kaba. Bayan an miƙa mini makulli, sai ga dillalin da wata takarda, wai ƙa'ida ce kawai kowa na sa hannu. Alkawarin tashi ne daga gidan a ƙarshen Mayun shekara mai zuwa, daidai lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke cika garin. A lokacin doka ta hana mai gida ƙara haya fiye da kashi 25 cikin ɗari a shekara, alhali tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 hayar Alanya ta yi tashin gwauron zabi. Da wannan takardar masu gidaje ke kewaye dokar: ko ka yarda da sabon farashi, ko ka kwashe kayanka. Na san abin da nake sa wa hannu, kuma shi ma ya san kwanakina sun kusa ƙarewa, ba ni da wurin zuwa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne bai ambace ta ba sai da kayanmu suka shiga ɗaki.

Sauran ƙananan abubuwa ba zan tsaya a kansu ba. Kuɗin kula da bene na wata-wata, wanda suke kira aidat, ya ce kaɗan ne, ashe har da na wurin ninkaya da ba mu taɓa tsoma ƙafa ba. Da hunturu gidan babu gas na ɗumama, sai iyakwandishan, bango ya yi ta tsatsafo da danshi, kuɗin wuta ya hau. Wanda ya kawo matarsa saboda ƙirji ya kamata a faɗa masa wannan.

Amma kuɗin ajiyar gidan Mahmutlar shi ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Yuro na bayar a hannu, a gabansa. Aka yi ta ja mini rai, yau mai gidan yana Ankara, gobe ba ya ɗaga waya, har aka yi zaɓen ƙarshen Mayu, lira ta faɗi daga wajen 20 a dala zuwa wajen 26 cikin watan Yuni. Sai a Yuli aka turo mini, da lira, a kan canjin ranar da na biya, an kuma zaftare hayar wata guda da kuɗin shara. Gidan da su suka sa ni ciki bisa ƙarya! Na nuna masa rasit da ke ɗauke da alamar yuro, ya ɗaga kafaɗa ya ce tsakanina da mai gida ne, shi aikinsa ya ƙare ranar da aka sa hannu.

Da Afrilun 2024 ta zo mai gidan Oba ya kira, kamar yadda na zata, ya faɗi sabon farashi. Mun daidaita da shi kai tsaye ba tare da dillalin ba, na ƙara abin da na ƙara, muna nan. Cikon kuɗin ajiyata kuwa na tura saƙo ya fi a ƙirga, yana buɗewa, ba ya amsawa. Kwanan baya ma hoton wani gida ya turo mini a Kestel, wai ko ina da ɗan'uwa mai nema.