Kafin ka sayi sikelin awo: lambobi nawa kake buƙata bayan ɗigo?

Mai sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje zai jera maka sikeli uku ko huɗu a kan kanta. Wani na nuna 12.3, wani 12.34, wani kuma 12.3417, kuɗin yana hawa yadda lambobin ke ƙaruwa. Abin da ba kowane mai shago zai gaya maka ba shi ne, lambar da ta fito a fuskar sikeli daban, lambar da za ka iya tsaya mata daban. Saka lamba huɗu bayan ɗigo abu ne mai sauƙi ga kamfani. Sa waɗannan lambobin su zama gaskiya, nan ne kuɗin yake tafiya.

Don haka fara da aikin da za ka yi, ba da kayan da ke kan kanta ba. Malamin kimiyyar sinadarai da zai haɗa ruwan gwaji na sodiyam kabonet yana buƙatar giram 1.325 a cikin mililita 250. Idan sikelinsa na tsalle da giram 0.1 ne, abin da zai gani 1.3 ne kawai, kuma kuskurensa na iya kaiwa kusan kashi 4 cikin 100. Da mai 0.01, kuskuren ya sauko wajen kashi 0.4. Da mai 0.001, ya ƙara raguwa sau goma. Amma in buhun taki za ka auna, giram guda ma ba ya cikin lissafi. Ƙa'idar ita ce ka duba mafi ƙanƙantar abin da za ka riƙa aunawa, ka tambayi kanka kuskuren kashi nawa za ka iya jurewa a kansa.

Akwai kuma abin da masu saye ke mantawa: sakamakon lissafi ba ya fin mafi raunin awon da ya shiga cikinsa. A ce ɗalibi ya auna guntun ƙarfe ya samu giram 24.37, ya jefa shi cikin silindar ruwa ya ga ruwan ya tashi da mililita 9.0. Ya raba nauyin da mililitar don ya san nauyin kowane mililita ɗaya na ƙarfen, kalkuleta ta zubo masa 2.70777. Lambobi biyu kaɗai ne nasa a ciki, wato 2.7, domin awon ruwan lambobi biyu ne. Sauran duk ado ne. Makarantar da ta kashe kuɗin shekara kan sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, alhali silindarta ta roba ce mai zanen mililita ɗaiɗai, ba ta ƙaru da komai ba.

Bari mu duba sikeli iri huɗu. Na farko, ƙaramin sikelin aljihu, wanda masu gwal da masu turare ke yawo da shi, shi ne mafi araha. Yawanci yana ɗaukar giram 100 zuwa 500, yana nuna 0.01, batir biyu sun ishe shi. A cikinsa akwai ɗan guntun alminiyam da ke lanƙwasa kaɗan idan nauyi ya hau, sai a mayar da lanƙwasar zuwa lamba. Zafi na taɓa shi, raunin batir na taɓa shi, kuma lambar ƙarshe tana yawo. Ni ina ɗaukarsa a matsayin mai 0.05, ba 0.01 ba. Ya isa a duba ko sarƙa ta kai nauyin da aka ce, ko gwal ɗin uwargida ya kusa nisabin zakka na giram 85. Bai isa a haɗa magani da shi ba, ko kusa.

Na biyu shi ne tsohon sikelin sanda uku, irin na kamfanin Ohaus da ke ɗakunan gwaji na sakandare da yawa. Yana ɗaukar giram 610, da ƙarin duwatsun awo ya kai 2610, yana karanta 0.1. Mutane na raina shi saboda ba shi da fitila, kuma awo da shi na cin lokaci. Amma ba ruwansa da wuta ko batir, yara ba sa kashe shi da sauƙi, kuma yana da wata fa'ida da zan zo kanta. Ga makarantar da wutar lantarki baƙuwa ce a cikinta, ban ga abin da ya fi shi ba a darasin fizik.

Sai na tebur mai lantarki, mai nuna 0.01 ko 0.001, daga kamfanoni irin su Ohaus, Kern, A&D, Sartorius da Mettler Toledo. A ganina wannan ne ya dace da mafi yawan masu saye: sakandaren da ke shirya ɗalibai gwajin WAEC da NECO, kwalejin ilimi, ƙaramin kamfanin sabulu ko man shafawa, da ɗan kasuwar gwal da ke da shago. A nan ne ya kamata ka duƙa ka karanta ƙaramar takardar da ke liƙe a jikinsa. Za ka ga harafin d da harafin e. Na farko shi ne tsallen da fuskar ke nunawa. Na biyu shi ne tsallen da aka gwada sikelin a kansa bisa ƙa'idar hukumar awo ta duniya, OIML. Sau da yawa za ka tarar d = 0.001 amma e = 0.01. Ma'ana, lambar ƙarshe taimako ce kawai, ba a amince a yi ciniki da ita ba. Za ka kuma ga ajin ingancin awonsa, I ko II ko III a cikin ɗan zagaye. Na gwal da ɗakin gwaji yawanci aji II ne, na mahauta da masu shago aji III. Wanda zai saye ya sayar da shi, sai ya nemi mai wannan alama, domin a Najeriya Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar ciniki ta tarayya ne ke da hurumin duba sikelin kasuwa.

Na ƙarshe shi ne mai ɗakin gilashi, wanda ke nuna 0.0001, yawanci iyakarsa giram 220. Wannan ba lanƙwasar ƙarfe yake aunawa ba. Maganaɗisun lantarki ne ke tura farantin ya koma inda yake, ƙarfin wutar da aka yi amfani da ita shi ne nauyin. Abin sha'awa ne, amma ɗan gata ne. Yana son tebur mai nauyi da ba ya girgiza, ɗaki mai daidaitaccen sanyi, a kunna shi ya ɗau lokaci kafin a fara aiki. Fanka na kaɗa shi, janareta a bayan taga na kaɗa shi, zanen yatsa a jikin kwalba yana fitowa a lambarsa. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, cajin da ke taruwa a jikin roba da gilashi kan sa lambar ta yi ta tafiya ba ta tsaya ba, ga ƙura na shiga ko'ina. Shi ma yana da iyaka ta ƙasa: a ƙa'idar masu haɗa magunguna ta Amurka, ko a yanayi mafi kyau, sikeli mai 0.0001 bai kamata a auna ƙasa da miligiram 82 da shi ba. In ba ka da ɗakin da zai zauna, kuɗinka ne zai zauna a kusurwa an lulluɓe shi da zani.

Yanzu ga fa'idar da na ce zan dawo kanta. Duk sikelin lantarki ƙarfin jan ƙasa yake ji, kuma jan ƙasa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A ma'aunin masana kimiyya, a Jamus ya kai wajen 9.81, a Kano ko Damagaram wajen 9.78. Sikelin da aka saita a masana'anta a Turai, in aka kawo shi nan ba a sake saita shi ba, zai nuna dutsen giram 100 a matsayin kusan 99.7. Ka sayi lamba uku bayan ɗigo, ga kuskure zaune a lamba ta farko. Mai sanda uku ba shi da wannan matsala, don nauyi yake gwadawa da nauyi. Shi ya sa kowane sikelin lantarki sai an saita shi a inda zai zauna. Wasu masu tsada suna da dutsen saiti a cikinsu, maɓalli kawai za ka danna. Waɗanda ba su da shi, ka haɗa da dutsen awo a cikin cinikin tun farko: aji M1 ya ishi na aljihu, F1 ko F2 na tebur, E2 na mai gilashi. Kada a taɓa dutsen da hannu, kuma kwabo ko batir ba sa maye gurbinsa.

Zuwa da kai ya fi saƙo, ka gwada kafin ka biya. Ɗora dutse ɗaya sau goma, kana saukewa kana mayarwa, ka rubuta abin da ya nuna. Idan lambar ƙarshe tana motsi da ɗaya ko biyu, lafiya. Idan ta kusa da ita ma tana motsi, bar shi. Matsar da dutsen zuwa kusurwoyi huɗu na farantin ka ga ko magana ta canja. Sannan ka zuba gishiri kaɗan-kaɗan a kan takarda: wasu masu araha sukan maƙale a sifiri, sai can su yi tsalle, domin an tsara su su haɗiye ƙananan canji don a ga kamar suna da natsuwa. Duba ko yana da kumfar ruwa ta daidaita zama da ƙafafu masu juyawa. Ka tambayi mai shagon wa ke gyara shi a garin, kuma ko yana aiki da batir idan an ɗauke wuta, domin wutar da ke hawa da sauka ita ce ta fi saurin ƙona irin waɗannan kaya.